Gashin Dodo da Lissafin Makiyayi

Babu al'ummar da ba ta da dodonta. Namu na nan ƙasar Kurfai a cikin tatsuniya yake zaune: kaka ta fito da shi bayan lisha don yara su bar yawon dare, gari na wayewa ya koma inda ya fito. Amma akwai ƙasashen da dodonsu ya ƙi zaman tatsuniya. Mutanen duwatsun Himalaya, can wajen Nefal da Tibet, suna da Yeti, wani ƙato mai gashi buzu-buzu da aka ce yana tafiya da ƙafa biyu cikin dusar ƙanƙara. Amurkawa suna da Bigfoot a dazuzzukansu na arewa maso yamma. Mutanen Mongoliya da na duwatsun Kokasus su ma suna da nasu. Siffa ɗaya ake ba su duka, wai ya wuce biri amma bai kai mutum ba. A 1951 wani Bature mai hawan duwatsu, Eric Shipton, ya ɗauko hoton wani ƙaton sawu a kan ƙanƙara kusa da dutsen Eberes, ya ajiye gatarin hawansa a gefe don a ga girman abin. Tun daga lokacin ake ta kai da kawowa, wannan ya zo da hoto, wancan ya zo da gashi, wani ya rantse da idonsa ya gani.

To, in da za a bi tawa, makiyayi za a kira ya yanke wannan shari'a. Je ka karar Balleyara ranar Lahadi, ko ta Abala, ka tsaya kusa da dillalai. Saniya na shigowa, kafin mai ita ya buɗe baki an gama karanta ta. Wannan mai gajeren ƙaho da jan jiki Azawak ce. Waccan mai ƙaho kamar zai tsokane sama ta Bororo ce. Ga Gudali can, ƙahon ma sai an duba. Wannan kuma ruwa biyu ce, uwa daban uba daban. Bafulatanin da ya raine ta ya fi dillali zurfi, don shi zai lissafa maka uwarta da kakarta da kakar kakarta, ya gaya maka wacce ce mai nono, wacce ce mai tunkuyi, wacce ce ta tsallake shekarar fari. A Tukunus kuwa, arewa da Filinge kaɗan, inda ake da gidan kiwon shanun Azawak na gwamnati tun zamanin mulkin Faransa, ba a bar abin a hannun ƙwaƙwalwa ba. Maraƙi na faɗowa a maƙala masa lamba a kunne, a buɗe littafi a rubuta ranar haihuwarsa da uwarsa da bijimin da ya yi barbara. Ko bayan shekara 20 aka zo da gardama, littafi ne zai raba ta.

Abin da masana suka gano shi ne, kowace halitta tana yawo da irin wannan littafi a jikinta, kuma ba malamin dabbobi ne ya rubuta shi ba, Mahalicci ne. Shi ne ake ji a rediyo ana kira DNA, mu ce da shi ƙwayoyin gado. Yana cikin jini, yana cikin ƙashi da haƙori da yawu, har cikin silin gashi. Baƙaƙensa huɗu ne kacal, amma a jikin ɗan Adam an jera su sun kai wajen biliyan 3, kuma kwafi biyu kowa ke riƙe da shi, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Akwai wani ɗan ƙaramin shafi da ba ya bi ta wurin uba ko kaɗan, uwa ce ke ba da shi, ita ma daga tata uwar ta karɓa, daidai yadda Bafulatani ke bin layin saniya. Akwai kuma kishiyarsa, wanda uba ke miƙa wa ɗansa namiji kaɗai, shi ne layin bijimi. Shi shafin uwa yana da ƙarko, yakan daɗe cikin tsohon gashi bayan sauran sun lalace. Ka ga ke nan, in dabba ta ratsa sarƙaƙiya ta bar gashi a jikin ƙaya, ba sai an kamo ta ba. Gashin ma ya isa shaida.

A 2012 wani farfesa na jami'ar Oksfod ta Ingila, Bryan Sykes, ya haɗa kai da gidan tarihin dabbobi na birnin Lozan a Suwizalan, suka yi shela ga duniya: duk mai gashin dodo a ajiye, ya aiko. Aka yi ta aikowa kuwa, daga gidajen tarihi, daga mafarauta, daga waɗanda suka ƙarar da ƙuruciyarsu wajen bin sawu, har ƙunshi 57. Wasu ana buɗewa aka ga ba gashi ba ne ma, zaren tsiro ne ko na gilashi. Guda 30 ne littafinsu ya karantu, aka bayyana sakamako a 2014. Me aka samu? Doki. Saniya. Tunkiya. Kare ko kyarkeci. Barewa. Beguwa. Ɗaya ma gashin mutum ne kamar ni da kai. Sai kuma beyar, wata dabbar ƙasashen sanyi mai kaurin gashi, wadda takan miƙe tsaye da ƙafa biyu in tana son hangen nesa. Guda biyu, ɗaya daga Ladak a Indiya ɗaya daga Butan, sun ɗan ta da ƙura, don sun yi kama da wani tsohon irin beyar na ƙasar ƙanƙara. Da wasu masanan suka sake dubawa, suka nuna beyar ɗin da aka saba gani a Himalaya ma zai iya ba da wannan karatu.

A 2017 wata masaniya a jami'ar Bafalo ta Amurka, Charlotte Lindqvist, ta maimaita aikin da kaya 9 da aka ce na Yeti ne, har da ƙashi da haƙori da fata da kashi, waɗansu daga gidajen ibada aka samo su. Takwas na beyar ne, na taran na kare. Hukumar FBI ta Amurka ma ta taɓa karɓar wasu silin gashi 15 da aka ce na Bigfoot ne a 1976, ta duba ta ce na dangin barewa ne, takardun suka fito fili a 2019. Wato an kai dodo kara an ce ga sabon iri, dillali ya buɗe masa baki ya duba haƙora, ya ce wannan ai namu ne na gida.

Kada dai a yi wa masu labarin dariya, don ruwa ba ya tsami banza. Goggon birin dazuzzukan Gabon, wanda ake kira gorila, labari ne kawai a kunnen Turawa har 1847, lokacin da aka kai musu ƙoƙon kansa. A 1935 wani masani ya tsinci wani ƙaton haƙori a shagon mai maganin gargajiya a Hankon, ashe na wani biri ne da ya taɓa zama a kudancin Sin, wanda aka kiyasta tsayinsa zai kai mita 3. Shi kam ya yi zamani da gaske, sai dai ya ƙare fiye da shekara 200,000 da suka wuce, kuma gwajin da aka yi wa haƙorinsa a 2019 ya nuna ɗan'uwan jan birin nan ne na Indunusiya da ake kira orangutan. Amma makiyayi yana da tambayar da ke kashe bakin kowa: ina garken? Dabba ba ta rayuwa ita kaɗai shekara dubu. In akwai bijimi akwai saniya, in akwai saniya akwai maruƙa, kuma kafin iri ya ɗore sai da kai masu yawa. Garke kuwa ba ya ɓuya. Yana barin kashi a burtali, yana tattake bakin mashaya, tsohon cikinsa ya mutu ungulu ta nuna wurin. Raƙuman dawan Kure, nan kudu da mu, sun ragu har suka koma kimanin 50 a 1996, amma ko a wannan hali manoma na ganinsu a gonar wake, masu ƙidaya sun san kowanne da zanen jikinsa. Dabbar da aka shekara 70 ana nema da jirgi da kyamara ba a ga ko gawarta ba, ba ta da garke.

A cikin duk wannan bincike akwai labari ɗaya da ba ya barin mutum ya yi murmushi. A yankin Abkaziya, bakin Baƙin Teku, an daɗe ana ba da labarin wata halitta mace da aka kama a daji a ƙarni na 19, aka sa mata suna Zana. Aka ce baƙa ce, doguwa, mai ƙarfi, jikinta duk gashi, ba ta magana. Aka tsare ta cikin shinge a ƙauyen Tkina shekara da shekaru, daga baya aka sake ta tana niƙa da ɗaukar itace. Mazan ƙauyen da ke ce mata dabba su ne kuma suka yi mata ciki, ta haifi ƴaƴa waɗanda suka tashi suna magana suna aure kamar kowa. Ta mutu wajen 1890, ɗanta Kwit ya mutu a 1954. Masu farautar dodo sun yi shekaru suna cewa ita ce ragowar mutanen farko. Sykes ya gwada zuriyarta ya ce layin uwarta na Afirka ne. A 2021 wasu masana suka karanta littafin ƙasusuwanta da na ɗanta tun daga farko har ƙarshe, suka tabbatar ƴar Adam ce cikakkiya, asalinta gabashin Afirka. Mafi kusa da gaskiya, cinikin bayi na zamanin daular Usmaniyya ne ya kai ta ko iyayenta can. Baiwar Allah ce da ta rasa dangi, ta rasa mai jin harshenta, aka kira ta dodo don a samu damar yi mata abin da ba a yi wa mutum. Allah ya isa tsakaninta da su.

Ashe ƴan'uwan da suka ɓata ba a kan dutse suke ba, a cikin littafin jikinmu sunansu yake. A 1856 masu fasa dutse a kwarin Niyanda na Jamus suka tono wasu ƙasusuwa masu kauri, goshi a turo, ƙirji faffaɗa. Su ne aka sa wa suna Niyandatal. Zancen nan ba na birai ba ne. Mutane ne masu hura wuta, masu sassaƙa makamin dutse, masu jinyar gurgunsu, har sukan binne mamatansu. Sun daɗe a Turai da yammacin Asiya, suka ƙare wajen shekara 40,000 da suka wuce. Wani masani ɗan Suwidin, Svante Pääbo, da ke aiki a birnin Laifzig na Jamus, ya shafe shekaru yana koyon yadda ake karanta tsohon littafin da gara ta ci, har a 2010 shi da abokan aikinsa suka karanta na Niyandatal daga ƙasusuwan wani kogo a Kuroshiya. Aikin nan ne ya ba shi kyautar Nobel a 2022. Da aka gwama da na mutanen yau sai aka ga abin mamaki: Bature da Basine da Ba'indiye, kowannensu yana ɗauke da kimanin kashi 2 cikin 100 na rubutun Niyandatal. Yadda za a daidaita wannan da abin da muka karanta a allo fage ne na malamai. Abin da ɗakin gwaji ke iya faɗi shi ne wa ya haifi wa.

Makiyayi ba zai yi mamakin wannan ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin rijiya da rani ya san garke biyu ba sa haɗuwa a mashaya su rabu yadda suka zo. Masu su na can suna jan guga suna gaisawa, bijimin wannan ya riga ya ratsa cikin karsanun wancan, baɗi a ga maraƙi mai kalar da ba a san ta a ruga ba. Haka ta faru da mutanen da suka fita daga Afirka wajen shekara 50,000 da suka wuce. Sun tarar da masu wuri, suka sha ruwa ɗaya, aka haihu. Kuma a nan alfadari yana da abin da zai koya mana. Kowa ya san zancensa, da aka tambaye shi ubansa ya ce kawunsa doki ne. Littafin doki ɗauri 64 ne, na jaki 62, sai alfadari ya tashi da 63, lissafi ya ƙi rabuwa biyu, shi ya sa ba ya haihuwa. Da tsakaninmu da Niyandatal kamar doki da jaki ne, da zancen ya tsaya a kan ɗa na farko. Tun da ƴaƴan sun haihu, jikoki sun haihu, har abin ya iso yau, to tazarar ba ta kai ta doki da jaki ba. Ta fi kama da ta saniya mai tozo da marar tozo.

Wani garken ma ba a san da shi ba sai da littafi ya tona. A 2008 aka tsinci ɗan guntun ƙashin yatsa na wata yarinya a kogon Denisoba, cikin duwatsun Altai na Saberiya, bai fi ƙwayar wake ba. Da aka karanta shi a 2010 sai aka ga ba namu ba ne, ba kuma na Niyandatal ba ne, wasu mutane ne na uku. Mutanen Fafuwa Niyu Gini suna ɗauke da kusan kashi 4 zuwa 5 cikin 100 na gadonsu. A kogon nan dai aka samu ƙashin wata budurwa da ta rayu wajen shekara 90,000 da suka wuce, aka bayyana a 2018 cewa uwarta Niyandatal ce, ubanta ɗan Denisoba, ruwa biyu sak. Ga kuma inda zancen ya zagayo ƙasar Yeti. Mutanen Tibet suna zaune a tudun da baƙo ke haki in ya hau, su kuwa ko a jikinsu. A 2014 aka gano wani layi a littafinsu da ke taimaka wa jininsu jure ƙarancin iska, kuma daga mutanen Denisoba suka gaje shi. Wani muƙamuƙi da aka tsinta a wani kogon tudun Tibet tun 1980, a 2019 aka gane na mutanen Denisoba ne, shekararsa kimanin 160,000. An yi ta hawa dutse ana neman mutumin dutse, shi kuwa yana cikin jinin masu ɗaukar kayan matafiyan.

Kafin mu zo kanmu, mu duba saniyar Tukunus da kyau, don ita ma tana da nata sirrin. Shanu masu tozo asalinsu ƙasar Indiya da Fakistan ne, can aka fara kiwonsu. Shanun farko na Afirka ba su da tozo, irin Kuri na tafkin Cadi da ƙananan shanun kurmi. Da masana suka bi layin uwa na shanun Afirka, Azawak ne ko Bororo ko Gudali, sai suka tarar yana komawa ga marasa tozo. Layin bijimi ne ke komawa Indiya. Wato bijimai aka yi ta shigowa da su ta gabashin Afirka, suka hau shanun gida, tsara bayan tsara, har tozo ya mamaye Sahel. Saniyar da muke nunawa da alfahari mu ce tsantsar Azawak ce, uwar gidansu ƴar ƙasa ce, uban gidansu baƙo ne daga ƙetaren teku. Ba wanda ya ga saukar waɗannan bijimai, ba wanda ya rubuta, amma littafin jikinta ya riƙe.

Da irin wannan lissafi aka gano abin da ya shafe mu. An daɗe ana cewa ƴan Afirka ba su da rabo a gadon Niyandatal, sai a 2020 masana a jami'ar Firinston suka nuna muna da ɗan kaɗan, wajen sulusin kashi 1 cikin 100, wanda masu dawowa gida daga ƙetare suka shigo da shi tun zamanin da. A shekarar nan dai wasu masana biyu na jami'ar Kalifoniya a Los Anjelis, Arun Durvasula da Sriram Sankararaman, suka duba littafin Yarbawa da Esan na Nijeriya, da Mende na Saliyo, da mutanen Gambiya. Suka ga wasu layuka da ba su dace da na kowa ba, ba na Niyandatal ba, ba na Denisoba ba. Suka kiyasta tsakanin kashi 2 zuwa 19 cikin 100 na gadon waɗannan al'ummu ya fito ne daga wasu tsofaffin mutane da suka rabu da layinmu tun dubban ɗaruruwan shekaru, daga baya aka sake haɗuwa. Ba a da ƙashinsu ko ɗaya, ba a da haƙori. Kamar makiyayi ne ya wayi gari ya ga maruƙa uku da wani irin roɗi a goshi wanda babu shi a rugarsa, babu a ta maƙwabta. Bai ga bijimin ba, amma ya san ya zo. Akwai masanan da suka fito a 2023 da wata fassarar, suka ce ba sai an kawo baƙon bijimi ba, garkunan Afirka ne da kansu suka yi ta rabuwa suna sake gamuwa tun fil azal. Ko wanne aka ɗauka, tasha ɗaya ake sauka: gauraye ne.

Me ya sa ƙasusuwan namu ba sa magana kamar na Saberiya? Zafi ne. Mai tallar nono ta san abin da rana ke yi wa ƙwaryarta kafin azahar, shi ya sa matan nan ke mai da shi cuku. Kogon ƙanƙara yana adana littafi shekara dubu ɗari, rairayinmu kuwa yana cinye shi. Duk da haka ƙasarmu ba ta rasa shaidu ba. A 1965 Thurstan Shaw ya tono wani ƙoƙon kai a Iwo Eleru kusa da Akure, shekararsa wajen 13,000 kacal amma ƙirarsa ta mutanen da suka fi haka daɗewa ce nesa ba kusa ba. A 2000 Paul Sereno na jami'ar Shikago yana neman ƙasusuwan manyan dabbobin da a hamadar Tenere, ya faɗa kan maƙabartar Gobero, kaburbura wajen 200 a bakin wani tafki da ya ƙafe, mafi tsufa sun kusa shekara 10,000, masunta ne da mafarauta. A Shum Laka ta Kamaru an karanta littafin yara huɗu a 2020. A Takarkori ta kudu maso yammacin Libiya an karanta na wasu mata biyu makiyaya masu shekara 7,000 a 2025, aka ga wani layi ne na arewacin Afirka da ba a san da shi ba. A zamaninsu Sahara shar take. Wannan kwari na Dallol Boso da muke haƙa rijiya mu tarar da ruwa kusa, gadon wani kogi ne da ke gangarowa daga kwarin Azawak zuwa Kwara. Mutane da shanu sun bi shi sama da ƙasa tun ba a san sunan wata ƙabila da muke kira yau ba.

Ƙasar Kurfai ba ta bukatar ɗakin gwaji kafin ta san gauraye. Kurfayawa kansu suna ba da labarin kakanni da suka taso daga gabas. Ga Zabarmawan Tondikandiya, ga Abzinawan Imanan a Bonkuku, ga mutanen Tagazar, ga Fulani a kowane burtali. A kasuwar Filinge mutum ɗaya zai yi ciniki da Hausa, ya juya ya gaisa da Zabarmanci, ya tsokani taubashinsa a yi dariya. Kuma kowane mai garke ya san in ya bar bijimi ɗaya yana hawan ƴaƴansa da jikokinsa, maruƙa za su fara zuwa a tsumbure, nono ya ja baya. Sai ya nemo sabon jini daga wata ruga. Gauraye ba aibi ba ne a garke, shi ne ƙarfinsa.

A nan ne kuma kwatancen zai tsaya, don mutum ba saniya ba ne. Saniya da irinta ake yi mata kuɗi, ɗan Adam kuwa ba a kai shi kara. Amma mu faɗi gaskiya, har gobe akwai gidajen da in saurayi ya zo neman aure ba halinsa ake fara bincika ba, ba sana'arsa ba, sai a aika a ji ko kakansa bawa ne, ko maƙeri, ko mahauci. Nijar ta sa bauta cikin manyan laifuffuka tun 2003, amma doka ba ta shiga zaure inda ake raɗa a ce wane ba shi da asali. Wannan raɗa ƙanwar shingen da aka tsare Zana ce. Masu karanta littafin jiki sun duba na dubban mutane daga kowace nahiya, sun ga kowane mutum biyu sun dace a fiye da kashi 99 cikin 100 na baƙaƙensu. Ba su ga shafin da aka rubuta ɗa ko bawa ba. Abin da suka gani shi ne babu gidan da bai sha a mashayar wani ba, daga gidan sarauta har bukkar talaka.

In bincike ake so kafin aure, ga wanda ke da amfani. Cutar sikila, wadda iyayenmu ke kira amosanin jini, a cikin littafin nan take. Mai ɗauke da rabinta lafiyarsa ƙalau, har ma tana ba shi kariya daga zazzaɓin cizon sauro, shi ya sa ta yawaita a ƙasashenmu. Amma in biyu masu rabi suka haɗu, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na zuwa da cutar gaba ɗaya, kuma duk wanda ya taɓa kwana a kan yaro mai ciwon ƙashi ya san ba abin wasa ba ne. Jihar Kano ta wajabta gwajin kafin ɗaurin aure a 2024, Yamai ma tana da cibiyar ƙasa ta wannan cuta. Ɗigon jini kaɗan ake ɗiba. Iyaye, wannan tambaya ita ce ke kare jikokinku, kuma ba ruwanta da wane ne kakan wane. Ku aika yaran asibiti su yi gwajin, zancen asali kuwa ku bar shi, don duk wanda ya tona nasa da nisa, dangin wanda yake rainawa zai tarar a ciki.